Ba Kowane Dattijo Ne Zai Riƙe Mabuɗin Rajistar Ikilisiya Ba

Majami'u da dama a cikin garin Katsina, da Funtuwa, da Malumfashi sun fara kwashe sunayen membobinsu daga manyan littattafan rajista suna zubawa a kwamfuta. Akwai manhajojin da aka gina takanas don wannan aiki, irin su ChurchCRM da ake saukewa kyauta, ko Planning Center da Breeze na Amurka, amma abin da na fi cin karo da shi a nan gida shi ne Excel, ko fom ɗin Google da wani matashi ya haɗa a wayarsa ya jefa a zauren WhatsApp, ya ce kowa ya cike kafin Lahadi. Ina goyon bayan wannan ƙaura. Duk wanda ya taɓa neman shaidar baftismar mahaifiyarsa a littafin da gara ta ci rabinsa ba zai yi mini musu ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne yadda muke raba mabuɗin. Bisa girma muke raba shi: duk wanda ya kai a kira shi Baba, to ya kai ya ga komai. Ni kuwa a ganina aikin da ke hannun mutum ne ya kamata ya ba shi izinin gani, gwargwadon aikin, kuma ban cire fasto daga wannan magana ba.

A duba abin da ke cikin rajistar tukuna. Wani fom na rajistar membobi ya shigo hannuna kwanakin baya. Ana tambayar suna, da ranar haihuwa, da lambar waya, da unguwa har da kwatancen gida, irin su bayan gidan mai, ƙofa mai koren fenti. Ana tambayar sana'a da wurin aiki da muƙami, sunan mata ko miji, sunayen 'ya'ya da makarantar da kowannensu yake zuwa, garin asali, ranar baftisma, ga gurbin manna hoto. Can ƙasa kuma aka bar layi don lambar NIN. Na tambayi sakataren me majami'a za ta yi da NIN ɗin mutum, ya ce shi ma haka ya tarar da fom ɗin, daga wani wuri aka kwafo shi. In an shigar da wannan duka a manhaja, sai a riƙa ɗora masa abin da babu a fom: zakkar da mutum yake bayarwa wata-wata, alƙawarin da ya ɗauka ranar gidauniyar gini, wanda aka biya wa kuɗin asibiti da cutar da ta kwantar da shi, gwauruwar da ake kai wa masara, wanda aka sa ƙarƙashin horo da laifin da ya jawo horon.

A da ma ana rubuta yawancin waɗannan. Sai dai littafi ɗaya ne, mai nauyi, yana kulle a akwatin ƙarfe a ofishin fasto, wanda zai kwafe shi kuwa sai ya yi kwana da kwanaki da biro a hannu kowa na kallonsa. In aka sace shi, ranar Lahadi za a nema a rasa, a yi cigiya. Fayil mai ɗauke da gidaje ɗari uku kafin ka ce kwabo ya shige filash ko ya bi WhatsApp ya tafi, na asalin yana nan daram, babu ko ƙwarzane da zai nuna an taɓa shi.

Da a wata jihar muke da sai in ce tonon silili kawai ake gudu. A Katsina lamarin ya wuce nan. A watan Disambar 2020 aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara. A watan Mayun 2021 aka kai hari majami'ar Katolika a Malumfashi, aka kashe limami ɗaya aka tafi da ɗaya. Shekara na zagayowa, a Mayun 2022, aka ɗauke limamai biyu a Gidan Maikambo ta ƙaramar hukumar Ƙafur. Masallatai ma ba su tsira ba, kowa ya sani. Ban ce rajistar wata majami'a ce ta kai 'yan bindiga ko ɗaya daga wuraren nan ba. Abin da nake cewa shi ne da ɗan gari akan ci gari, kuma hukumomin jihar nan sun gaji da nanata cewa infoma ne ƙashin bayan ta'asar. Me infoma yake sayarwa? Wane ne ya fitar da hatsi kasuwa, ɗan wane ne yake aiki a Abuja yana aiko da kuɗi, gidan wa yake ƙarshen layi, wace hanya yaran wane suke bi zuwa makaranta. Abin da zai ɗauke shi watanni yana tsinta a majalisa da teburin mai shayi, mu mun tattara masa shi a shafi guda. Ƙari a kan haka, dannawa ɗaya za a yi kwamfuta ta jera mutane daga wanda zakkarsa ta fi tsoka zuwa ƙasa, ga lambar waya da kwatancen gida a gefen kowane suna.

In ana maganar tsare bayanai, hankalin mutane yakan tafi ga wani gwanin kutse da ke zaune a wata ƙasa mai nisa. Wannan bai san da zamanmu ba. Ƙofofin da bayanan suke fita sun fi haka kusa. Na shiga wani shagon buga takardu a cikin gari don a buga mini wata takarda. Yaron shagon ya kunna kwamfuta, ga fayiloli birjik a fuskarta: takardun neman aiki, tambayoyin jarrabawar wata firamare, katin ɗaurin aure, sai wani fayil mai ɗauke da sunan wata majami'a, an rubuta jerin membobi. An kawo an buga don taron shekara, an biya, an tafi, ba wanda ya ce a goge. Yaron ba mugu ba ne, bai ma san abin da yake riƙe da shi ba. Amma kwamfutar nan duk wanda ya zo da filash sokawa yake yi, shafukan da tawada ta ɓata kuwa an san inda suke ƙarewa, wajen masu ƙosai da awara.

Sai kalmar sirri guda ɗaya tilo, wadda galibi sunan majami'ar ce da shekarar da aka kafa ta. Fasto ya san ta, sakatare da ma'aji sun san ta, shugaban matasan da ya kafa manhajar ya san ta ya tafi da ita bautar ƙasa, yaron da ke haska waƙoƙi a bango ya san ta domin kwamfutar ɗaya ce. In wani abu ya fita, wa za a tambaya? Kowa zai rantse, kuma ba yadda za a yi a gane mai gaskiya, sai zargi ya faɗa kan wanda ba shi da gata.

Damfarar da ta fi cin mutanenmu ma da irin waɗannan bayanai take aiki. Waya za ta yi ƙara, wata murya mai ladabi ta ce, "Salama, Mama. Daga zumuntar mata ne. Akwai taron addu'a ta intanet ƙarfe takwas, an turo miki lambobi shida yanzu, karanto mini in sa sunanki." Da ta karanta, WhatsApp ɗinta ya tafi, kafin magariba an aika wa duk 'yan zauren saƙo da sunanta ana neman rancen gaggawa. Me ya sa ta yarda? Ya kira sunanta, ya ambaci majami'arta, ya san ƙungiyar da take ciki.

Na taɓa kai shawarar taƙaita masu shiga manhaja gaban wani dattijon ikilisiya, tsohon malamin makaranta, mutumin da ba a taɓa jin sunansa a wata maganar banza ba. Ya saurare ni har na dasa aya, sannan ya ce, "To ɗana, a cikinmu wane ne ɓarawon?"

Na ce, "Baba, ban kira kowa ɓarawo ba."

Ya ce, "In babu ɓarawo, kwaɗon na mene ne? Tun ba a haife ka ba muke riƙe da asirin mutanen nan."

Na ce, "Baba, ku na yarda da ku. Wayarku ce ban yarda da ita ba."

Ya yi dariya, domin a lokacin ma wayar tana hannun jikansa yana buga wasa. Wayar nan tana kwana wajen mai caji in ba wuta, tana zuwa wajen mai gyara a bar ta a buɗe, ba ta da lambar kullewa saboda Baba yana mantawa. Gaskiya ya faɗa cewa ya riƙe asirin mutane shekara da shekaru, amma a ƙirjinsa ya riƙe, inda ba mai iya kwafa.

Tambayarsa ta farko ita ce ainihin cikas ɗin, ta fi rashin kuɗi da rashin wuta. A wurinmu hana babba ganin wani abu tamkar zarginsa ne, kuma ba yaron da zai iya kallon idon dattijo ya ce an cire ku. Saboda haka ake barin kowa a ciki har abada. Mafitar da nake gani ita ce a fitar da maganar daga kan mutane a ɗora ta kan kujeru, a rubuta ta a amince da ita a taro tun kafin a san wanda zai hau kujerar: ma'aji yana ganin kaza, sakatare yana ganin kaza, ranar da mutum ya sauka izininsa ya sauka tare da shi. Ai tsarin ba baƙo ba ne a gidan Bahaushe. Baƙo yana tsayawa a zaure, aminin maigida ya wuce soro na biyu, ɗan'uwa ya shiga tsakar gida da sallama, amma ko yayan maigida ba ya shiga ɗakin matar gida ya buɗe mata akwati. Ba wanda ya taɓa cewa an ci mutuncinsa don an shimfiɗa masa tabarma a zaure.

Manhajojin da aka gina don coci sun tanadi wannan, mu ne ba ma amfani da shi. A ChurchCRM, alal misali, izinin ƙara suna daban, na gyarawa daban, na gogewa daban, na harkar kuɗi daban, na karanta bayanan sirri daban, kuma kowane mutum ana buɗe masa nasa asusun da tasa kalmar sirri. Malamar makarantar Lahadi tana bukatar sunayen yaran ajinta da lambar iyayensu, ba ta bukatar sanin albashin uban. Shugabar zumuntar mata tana bukatar matan da ke ƙarƙashinta. Ma'aji yana bukatar lissafi, ba ruwansa da wadda aurenta ke tangal-tangal. Mai karɓar baƙi a ƙofa ya iya rubuta sunan sabon zuwa ba tare da ya iya buɗe na tsofaffi ba. Abu biyu zan ce a tsaya a kansu kafin a karɓi kowace manhaja: tana ajiye sawun wanda ya shiga da abin da ya taɓa, kuma ana iya hana mutum sauke jerin gaba ɗaya zuwa wayarsa. Wannan na biyun ya fi muhimmanci, domin kallon suna ɗaya a allo daban yake da ɗaukar duka ikilisiyar a aljihu. Masu Excel kuma su raba fayil: sunaye da adireshi wuri guda, kuɗi wuri guda da lambar memba a madadin suna. Masu fom ɗin Google su daina barin takardar amsoshi a yanayin da duk mai linki zai buɗe. Tabbatarwa mai mataki biyu kuwa, wato ƙarin kwaɗo na biyu kafin a shiga asusun mutum, kyauta ce a WhatsApp da Gmail, minti kaɗan take ci.

Na san inda za a fi ja da ni, wato maganar fasto. Za a ce makiyayi ya san tumakinsa, yaya za a ɓoye wa uba abin da ke cikin gidansa? Fasto ya san wanda ba shi da lafiya, wanda ya daina zuwa sujada, gidan da aka yi rashi, gidan da ba a ɗora tukunya ba. Wannan aikinsa ne, a buɗe masa. Amma nawa wane ya bayar a watan jiya, ban ga abin da zai ƙara wa kiwonsa ba, na dai ga abin da zai rage. Fasto ɗan Adam ne. Ranar da mutum biyu suka zo gabansa da rigimar gona, ɗaya zakkarsa ce ke biyan rabin albashin ma'aikata, ɗaya kuwa sai ya haɗa da kwanon gero, ko bai so ba lissafin yana cikin kansa. Haka ranar zaɓen dattawa. Wasiƙar Yakubu sura ta 2 ta yi kashedi a kan ba mai zoben zinariya wurin zama mai kyau a bar matalauci a tsaye, Matta sura ta 6 kuma ta ce hannun hagu kada ya san abin da na dama yake bayarwa. Mun haddace ayoyin nan, sai ga shi mun ba mutum goma damar buɗe abin da hannun dama ya bayar. Akwai ma majami'un da sai an duba katin zakka kafin a ɗaura wa mutum aure. Wannan wata magana ce ta daban, amma ita ma ba ta burge ni.

Akwai kuma dalilin da ya shafi lafiyar faston kansa. Shugabannin addini suna cikin waɗanda ake farauta, kuma waɗanda suka kuɓuta daga daji suna ba da labarin yadda ake karɓe waya a sa mutum ya buɗe ta da bakin bindiga, a bi saƙonnin banki da sunayen da ke ciki. In wayar fasto tana buɗe manhajar da komai yake ciki, ranar da aka ɗauke shi an ɗauki rajistar kenan. Fasto mai hangen nesa shi zai fara cewa a rage masa izini, kuma in ya yi haka ba dattijon da zai sake tambayar wane ne ɓarawon.

Hujjar da ta fi ƙarfi a kan ra'ayina daga wani ɓangaren take zuwa. Masu ita suna cewa da sunan sirri aka sha cinye kuɗin jama'a, in ka rage idanun da ke kallon lissafi ka gyara wa ma'aji marar tsoron Allah wurin kwanciya. Ba ƙarya suka yi ba, mun ga irinsa. Amma abu biyu ake cakuɗawa. Kuɗin ikilisiya na kowa ne: nawa ya shigo, nawa ya fita, me aka saya, wa aka ba kwangila, a karanta a gaban jama'a a manna a allo. Sunan mai bayarwa kuwa nasa ne. Mutum biyu ko uku su ƙirga baiko tare su sa hannu, masu binciken kuɗi su zo daga waje su bi lissafi da lambar memba, kowane memba kuma ya iya neman nasa shafin ya ga ko abin da ya bayar shi aka rubuta. Wannan na ƙarshen ya fi kama ɓarawo a kan a bar dattawa goma suna leƙen na kowa.

Wasu abubuwan kuma shawarata kada su shiga kwamfuta sam, komai ƙarfin kwaɗonta. A ƙasar Finland akwai wani kamfanin kula da masu damuwar ƙwaƙwalwa mai suna Vastaamo. A shekarar 2020 ta bayyana cewa an sace bayanan majinyata kusan 33,000, har da abin da suka faɗa wa likitocinsu a keɓe. Da kamfanin bai biya kuɗin fansar da aka nema ba, ɓarawon ya koma aika wa mutanen saƙo ɗaya bayan ɗaya, ko su biya Yuro 200 ko ya baza asirinsu. Kamfanin ya durƙushe, an ɗaure mutumin shekara shida da wata uku a 2024, amma abin da ya fita bai koma ba. Wannan fa ƙasa ce da ba a ɗauke wuta, ga ƙwararru ga kuɗi. Abin da mace take faɗa wa fasto ko matar fasto game da mijinta, ko saurayin da ya zo da sakamakon gwajin jini kafin aure, ko yarinyar da ta yi ciki, nauyinsa ɗaya da waɗancan bayanai, garinmu kuwa ƙarami ne, kowa ya san gidan kowa. 'Yan Katolika sun daɗe da warware nasu a wajen furta zunubi: limami ba ya rubutawa, ba ya faɗa. Sauranmu ma in dole sai an rubuta, ya isa a ce an ziyarci wane ranar kaza. Horo ma haka. In an maido da mutum cikin zumunci, me dalilin laifinsa yake yi a fayil shekara goma, yana jiran sabon sakatare ya karanta?

Sai wanda ya sauya addini. A ƙasar nan, ko daga wane ɓangare mutum ya fito ya koma wane, yakan fuskanci fushin dangi, wani lokaci fiye da fushi. Sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 ya ba shi 'yancin sauyawa, amma shi ne zai zaɓi ranar da zai faɗa wa mahaifinsa da bakinsa. Gurbin da ke tambayar tsohon addinin mutum, a kowace irin rajista, ta coci ko ta masallaci, ni a goge shi.

Doka ma ta shigo maganar, ko da yake kaɗan ne a cikinmu suka ji labarinta. A watan Yunin 2023 Shugaba Tinubu ya sa hannu a Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda ta kafa hukumar kare bayanai ta NDPC. Dokar ta sa addinin mutum da lafiyarsa cikin bayanai masu tsananin sirri. Sashe na 30 ya yarda ƙungiyar addini ta riƙe irin waɗannan bayanai na membobinta, bisa sharaɗin ta yi musu tsaron da ya dace, kuma kada ta fitar da su waje sai da amincewar mai su ƙarara. Bayanan yara sai da yardar iyaye. Mutum yana da haƙƙin ya nemi ganin abin da aka rubuta a kansa, a gyara kuskure, ko a goge. In bayanai suka fita ta hanyar da za ta iya cutar da masu su, awa 72 aka bayar a sanar da hukuma. Tarar ƙananan masu riƙe bayanai tana iya kai naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar shekara, duk wanda ya fi yawa. Ba na tsammanin jami'an hukumar za su taso daga Abuja su ƙwanƙwasa ƙofar wata majami'a a Ƙafur gobe. Amfanin dokar a wurinmu shi ne ta ba sakatare abin faɗa: Baba, ba ni na hana ba, doka ce.

Zai bukaci wannan amsa, domin masu neman jerin daga waje ba sa ƙarewa. Duk kakar zaɓe sai wani ya zo da alƙawarin tallafi, a ba shi sunaye da lambobin waya da rumfar zaɓe. Wata ƙungiya za ta zo da maganar raba taki ko jari, ita ma sai da jeri. Mai sayar da manhaja zai ce a turo masa fayil ɗin duka ya shigar kyauta, ba takardar yarjejeniya, ba a san inda zai ajiye ba, ba a san abin da zai faru ranar da aka raba gari ba. Sarki Hezekiya ma baƙi ne suka zo masa daga Babila da wasiƙa da kyauta suna yi masa barka da samun sauƙi, ya zaga da su taskarsa bai rage komai ba, annabi Ishaya ya zo ya tambaye shi me suka gani a gidanka. Mai son taimaka wa gwauraye ya kawo kayan, ikilisiya ta raba, ko a sanar a sujada mai so ya kai sunansa da ƙafarsa. Hatta ofisoshin sama na ɗarika, daga gunduma har hedikwata, yawanci adadi suke bukata: mutum nawa aka yi wa baftisma, aure nawa aka ɗaura, nawa aka tara. A aika musu adadin.

Wata matsalar kuma tamu ce ta nan. A watan Satumbar 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan, ciki har da Funtuwa da Malumfashi da Ƙanƙara, aka ɗauki watanni a haka. Wanda ya ga wannan ba zai saki jiki da manhajar da sai da intanet take buɗuwa ba, shi ya sa kowa yake sauke nasa kwafin ya ajiye saboda ɓacin rana. Dalilin yana da kyau, sakamakon kuwa kwafi goma a wayoyi goma. Kwafin ajiya ɗaya ya isa, a filash mai kalmar sirri, a kulle inda tsohon littafin yake kwana, mutum biyu su san wurin.

'Yan'uwanmu Musulmi da ke karanta wannan kada su ɗauka maganar maƙwabta ce. Kwamitin masallacin da ke da jerin waɗanda suka ba da gudummawar gini, da makarantar Islamiyyar da ke da sunayen yara da adireshin iyaye, da masu raba zakka da ke da sunayen mabukata, duk kayan iri ɗaya ne, dokar ma ɗaya ce. Majami'ar ƙauye kuma da mai bishara ɗaya ne yake rubutu yake wa'azi yake ƙirga baiko, ba na ce ta nemo manhaja ba. Littafinta ya ishe ta, ta dai rage abin da take tambaya, kada kuma wani ya ɗauki hoton shafukan da waya.

Ranar miƙa ragama, in an yi wa fasto canjin wurin aiki ko an zaɓi sabbin dattawa, muna ƙirga kujeru da fankoki da janareta, a miƙa mabuɗin ofis a sa hannu a takarda. Ina so a ƙara layi ɗaya a takardar nan: an rufe asusun wanda ya sauka, an canza kalmomin sirri, an goge kwafin da ke wayarsa a gabansa. A taron ikilisiya na shekara kuma, bayan ma'aji ya gama rahotonsa, sakatare ya miƙe ya karanta sunayen duk waɗanda suke iya buɗe rajistar a yau, da abin da kowannensu yake iya gani. A majami'u da yawa za a ji sunan wanda ya koma Kaduna tun shekara uku, kuma membobin da suka cike fom ɗin suna da haƙƙin su ji shi da kunnensu su tambayi dalili.